Sai Mai Kati Ya Amsa

Tun ranar da aka kawo Keziya gidan yayana har ranar da muka sa shi a ƙasa, ban taɓa jin sunansa ya fito daga bakinta ba, ko da wasa. Kafin su haihu "shi" take cewa, ko "wancan," tana sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Da aka haifi Miracle sai ta samu mafaka, ya koma Baban Miracle. Ni Lucia, ƙanwarsa, babu irin tsiyar da ban yi mata ba a kan wannan. Mace ce malamar firamare a Samaru, kowace safiya tana tsayawa gaban aji tana kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya ba gargada, amma sunan mutum ɗaya ya gagare ta. Ko ranar ɗaurin aurensu a coci, da fasto ya ce ta maimaita alkawari, tana zuwa kan sunan sai tari ya kama ta. Fasto ya yi murmushi ya wuce gaba.

"Matarmu," nakan ce da ita, "wai sunan nan ƙaya ce da shi, kike tsoron ya maƙale miki a wuya?"

"A gidanmu ba a yi," shi ne kullum amsarta.

Shi kansa Yaya ya fi ni tsokana. In ta leƙo tana cewa Baban Miracle, abinci zai huce, sai ya yi kamar bai ji ba, yana kallon rediyonsa. In ta gaji ta juya, sai ya yi dariya ya ce, "Zan jira. Ai ba inda za ni."

Da farkon damina ta shekarar 2007 motar da ya shiga ta kife a hanyar Kaduna. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yanzu ba na iya faɗa a tsanake. Abin da ya kamata ku sani shi ne, ni na shirya shi da hannuna tare da mazan da suka yi masa wanka, ni na zaɓi baƙin takalminsa na zuwa coci, na goge shi, na ɗaure igiyar. Ni tela ce, ƙullina ba irin na kowa ba ne, sau biyu nake zagayawa kafin in ja. Kuma jakar aljihunsa ba a taɓa ganinta ba. Waɗanda suka fara isa wurin haɗarin sun san inda ta yi.

Da muka dawo daga maƙabarta, mahaifiyarmu ta tara mu a tsakar gida. Inna Doguwa mutuniyar wani ƙauye ce bayan Bomo, sai da furfura ta fito mata ta shiga coci, kuma ba duk kayanta na da ta bari a ƙofa ba. Ta ce daga yau kada kowa ya ambaci sunansa sai an shigo da amfanin gona.

"Wanda ake kira ba ya nisa," in ji ta. "Ku bar shi ya kai inda za shi."

Na ce a raina, to, wannan doka dai ba za ta yi wa Keziya wuya ba. Ni ma da nake ba ku labarin nan na saba, shi ya sa kuka ji ina ta Yaya, Yaya. Sunan zai zo a inda ya zo.

Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba zazzaɓi ya kama Miracle. Muka yi ta maganin kemis muna cewa sauro ne, har ranar da cikinta ya kumbura ya yi tauri, ta daina kuka, ta koma kallon silin. A babban asibiti likita ya ce taifod ne ya huda mata hanji. Za su ƙara mata ruwa yau, gobe da safe a shiga da ita tiyata, in an wuce goben kuma bai san abin da zai ce mana ba. Kuɗin da aka ambata, ko mun haɗa keken ɗinkina da awakin Inna ba mu kai rabi ba.

Keziya ce ta tuna da inshora. Yaya ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, a gonakin gwaji na Samaru yake aiki, kuma lokacin da aka kawo musu tsarin inshorar lafiya an ɗauke su hoto shi da ita da yarinyar, aka ba shi kati. Ita malamar ƙaramar hukuma ce, ba ta da nata, a ƙarƙashin sunansa take. Katin kuwa yana cikin jakar aljihun nan.

Mai teburin inshora a asibitin wani dogo ne mai suna Albert, mutumin kirki, sai dai yana magana kamar mai karanta sanarwa. Ya nemi sunan Yaya, na rubuta masa a takarda saboda dokar Inna, ya duba ya ce yana nan, iyalinsa ma suna nan.

"Amma ya rasu," in ji Keziya. Ita ba ta iya rufe baki inda ya kamata.

"Madam, a wurina sunansa bai fita ba tukuna," ya ce. "Abin da ya rage ɗaya ne. Kowane ma'aikaci ya zaɓi ƙaramin asibitin da zai riƙa zuwa. Kowane asibiti kuma yana da lambarsa da gwamnati ta san shi da ita, da ita ake biyansa. Mu ba ma yin aiki a kan inshora sai wannan ƙaramin asibitin ya turo mara lafiya da takarda, lambarsa a buge a kai. Lambar tana bayan katin. Tunda ba kati, sai ku je can su buga muku. Ku kawo min kafin in tashi yau, gobe da safe ba wanda zai tsaya jirana."

Na ce, yanzu saboda lamba za a bar yarinya? Ya ce ba shi ya yi dokar ba. Na so in gaya masa magana, Keziya ta ja ni. Ta ce ta san asibitin. Na Dokta Oluwole ne a Jushi, inda aka haifi Miracle, Yaya ya ce tunda can aka fara yi masa alheri can zai zaɓa.

Muka bar Inna a bakin gadon yarinyar, muka shiga bas ta Sabon Gari. Tun daga Palladan ruwa ya tsuge, irin mai sauka ba iska ba tsawa. Muka sauka a kasuwa muka hau acaba, ya kai mu inda kwata ta cinye hanya ya ce nan ƙarfinsa ya ƙare. Sauran muka taka da ƙafa, zani a tattare, laka har idon sawu. Keziya rabonta da unguwar tun haihuwar, an yi gine-gine, lungunan sun rikice mata. Muka tsaya a rumfar wani mai sayar da kayan gyaran babur muka tambaya.

"Oluwole? Ai wurin ya rufe, madam. Dokta ya mutu tun bara, 'ya'yansa sun kai shi garinsu."

Wata mai tuyar ƙosai da ta fake a rumfar ta sa baki, ta ce rufewa kam ya rufe, amma tsohuwar nas ɗinsa, Sista Kehinde, har yanzu kullum tana zuwa da tsintsiyarta da fararen kayanta, ta buɗe da safe ta rufe da yamma. Ta taɓa gefen kanta da yatsa don mu gane. Ta nuna mana lungun, ta ce gida mai shuɗin ƙyaure, bishiyar gwaiba a gaba. Har mun juya ta ƙara da cewa, "In kun shiga, kada ku zauna."

Na ɗauka bencinan ne suka ruɓe.

Allon asibitin yana nan, fentin ya koɗe. Na duba sama da ƙasa ko an rubuta lambar a jiki, mu kwafa mu huta, babu. Ƙyauren a buɗe yake kaɗan. Muka tura muka shiga.

Tsakar gidan a share take tas, ko ganyen gwaiba ɗaya babu. Doguwar baranda ce ta bi jikin ginin, da benci a jere, a can ƙarshe kuma taga mai ƙarafuna inda ake karɓar kati. Abin da ban yi tsammani ba, barandar cike take da mutane. Maza sun fi yawa, manya-manya, irin ma'aikatan gwamnati, kowa da katinsa a hannu ya ɗora a gwiwa. Har na ji daɗi, na ce da Keziya, kin gani, mutanen Sabon Gari da ƙarya, wai ya rufe.

"Sannunku," na ce. "Ya jiki?"

Ba wanda ya ɗago.

Ni ba na son raini, na sake gaisuwar da ƙarfi. Shiru. A nan na fara lura. Duk wanda ya taɓa zaman layin asibiti ya san yadda yake: wani na tari, wani na tsaki, wani na ba da labarin ciwonsa ba a tambaye shi ba, wani na faɗa a kan an tsallake shi. Nan ba ko ɗaya. Ba mai kore ƙuda, ƙudan ma babu. Ƙarar ruwa a kan kwano kawai kake ji. Sai na dubi ƙasa. Sawunmu ni da Keziya ya ɓata simintin da laka tun daga ƙofa, ga kuma wani sawun silifas jiƙaƙƙe da ya nufi taga. Ban da waɗannan babu wani. Mutum kusan cikin bas biyu, ana ruwa tun hantsi, takalmin kowa a bushe.

Na uku daga farkon benci wani gajere ne mai tabo a goshi. Na san tabon. Malam Nehemiah ne, direban wata ma'aikata, ɗan cocinmu. Zumuntar mata mu muka dafa shinkafar jana'izarsa kafin Kirsimeti, ni na yanka albasar.

Na damƙi hannun Keziya na ce mu fita. Ta dubi inda nake kallo, ta ga tabon, na tabbata ta gane shi. Amma ba ta juya ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ta ja ni muka bi ta gabansu har taga, ni ina karanta Addu'ar Ubangiji a zuci ina ɓata jerin.

Sista Kehinde tsohuwa ce ƙarama, fararen kayanta sun sha guga, hular nas a kanta da fil biyu. Abin da na fara dubawa ƙafarta ce ta tsakanin ƙarafunan. Silifas ɗinta a jiƙe yake. Ban taɓa murnar ganin laka a ƙafar mutum kamar ranar ba. Keziya ta yi mata bayani tana haɗa kalmomi, ta miƙa mata takardar likita da guntuwar takardar da na rubuta sunan Yaya. Tsohuwar ta karanta a hankali, ta gyaɗa kai. Hausarta irin ta Yarbawan da aka haifa a Sabon Gari ce, tsaf.

"Na tuna ki. Ke ce kika haihu ba ki yi ihu ba. Sunansa yana wurinmu. Ina katin?"

"Ya ɓata, Mama."

"Ba komai, ana yi." Ta jawo wani ƙaramin akwati ta fito da hatimi na katako ta ajiye a gabanta. Ga lambar nan a jikin robar, a juye, ina hangen ta amma ba na iya karantawa. "To, mai kati ya amsa."

Muka dubi juna.

"Dokar Dokta ce," ta ce. "Tun da aka fara inshorar nan mutane suka riƙa aron sunan juna, wannan ya zo da na maƙwabci, wancan da na wansa. Dokta ya ce ba a buga lambarsa a kan kowace takarda sai an kira mai kati ya amsa da bakinsa, an ji. Ban taɓa karya masa ba yana nan, ba zan fara yanzu ba."

Tsoro bai hana ni fushi ba. Na ce, "Mama, mutumin nan ya mutu. Ni na ɗaure masa takalmi. Yarinyarsa tana can cikinta kamar ganga, ke kina maganar doka?"

Ta dube ni ba ko ɓacin rai. "Ban tambaye ki ko yana da rai ba, 'yata. Sunansa ba a cire ba. Wanda ba a cire sunansa ba, nan ne asibitinsa. A kira shi."

Na tuna Inna da dokarta, na tuna Miracle, na ce Inna ta yi haƙuri. Na buɗe baki zan kira, tsohuwar ta ɗaga min yatsa.

"Ke wace ce a wurinsa?"

"Ƙanwarsa."

"Ba ki ƙarƙashin sunansa. Wanda yake ƙarƙashi shi ke kira. Matarsa ko 'yarsa."

Keziya ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu. Ba ta juya wajen bencin ba. Ta ce a hankali, "Baban Miracle."

Ruwa kawai ke zuba.

"Ba haka aka rubuta ba," in ji Sista Kehinde.

Keziya ta sake gwadawa. "Maigida," ta ce.

Na ji wani motsi a bayanmu, kamar an kaɗa zannuwa a kan igiya. Na waiga. Duk mazan da ke barandar sun ɗago kai, daga farkon benci har ƙarshe, kowa ya zuba mana ido. Ba fushi a fuskokinsu. Kallo ne irin na wanda ya daɗe a layi ya ji kamar an kira shi. Suka jira, da suka ga ba su ba ne, sai suka mayar da kai ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi, in ji Musulmi, wannan ya fi komai karya min zuciya, har ya so ya fi tsoron.

"Kada ki tayar min da marasa lafiya," tsohuwar ta ce. "Sunansa."

Shekara da shekaru ina tsokanar matar nan a kan sunan nan, na ɗauka kunya ce irin ta amare wadda ta ƙi ƙarewa. A gaban tagar nan na gane ba haka ba ne. Abu ɗaya ne da take ba shi kullum wanda ba ta ba kowa, kuma shi kaɗai ya rage mata da ba a binne ba. Leɓenta yana motsi, murya ba ta fita. Hawaye suna bin kuncinta suna haɗuwa da ruwan saman da ke ɗiga daga ɗankwalinta. Na ce, "Matarmu, don Allah. Albert zai tashi."

Ta rufe ido.

"Mordecai," ta ce. Da sauri ta faɗa, kamar mai cire ƙaya. Sai ta sake, da ƙarfi, har muryarta ta fashe: "Mordecai Barau!"

"Na'am."

Daga nan kusa ya fito, daga ƙarshen bencin da ke jikin taga, inda na rantse ba kowa lokacin da muka wuce. Muryarsa ce, da 'yar dariyar nan a ƙasanta, irin wadda yake yi in ya ci ta a wasa. Keziya ta ja gefen gyalenta ta rufe fuska kamar ranar da aka kawo ta. Ni ban iya ɗaga ido ba, kuma ban iya hana shi sauka ƙasa ba. Baƙin takalmi ne, a goge, a bushe. Igiyar an zagaya ta sau biyu kafin a ja.

Sista Kehinde ta hura wa hatimin iska, ta danna shi a tawada, ta buga a kan takardar. Ta sa hannu a ƙasa, ta miƙo. Lambar ta fito shuɗiya, a fili.

"Allah ya ba ta lafiya," ta ce. "Amma ki ji. Wanda aka kira ya amsa ba ya tashi sai an sallame shi, kuma wadda ta kira ita ke sallama. Ki dawo ki ce min a cire sunansa, in cire, ya tafi. Ranar da aka cire kuwa, ke da yarinyar kun fita daga inshora, wannan ki sani." Ta nuna bencin da haɓa. "Waɗannan duk iyalansu sun ce za su dawo."

Ban san yadda muka fita ba. Na dai tuna Keziya ta tsaya a bakin ƙyaure, fuskarta a rufe, ta ɗan durƙusa kamar yadda take yi in za ta fita unguwa, sannan ta bi ni. Mai ƙosai tana nan a rumfa. Ta dubi zannuwanmu ta baya, ta ga ba mu zauna ba, ta ci gaba da fifita wutarta.

Muka shiga bas. Takardar tana cikin rigar Keziya, hannunta a kai. Mun samu Albert yana haɗa kayansa. Ya karɓa, ya buga waya ya karanta lambar, ya saurara, ya ce tana aiki. Har ya ce mun yi sa'a, waɗansu ƙananan asibitocin sai su yi ta ja wa mutum rai.

Inna ba ta tambaye mu komai ba. Ta dubi Keziya tun daga ƙofar ɗakin marasa lafiya, ta daɗe tana kallon bakinta.

"Kin kira shi," ta ce.

Keziya ta durƙusa. Na shirya in tare mata faɗa, amma tsohuwar ta dubi jikarta a kan gado, ta dubi robar ruwan da ke ɗiga, ta matsa ta ba Keziya wuri a kan tabarma.

Da safe aka shiga da Miracle. Rana ta yi tsaka kafin a fito da ita, likita ya ce an yi a kan gaɓa. Muka zauna muna jiran allurar barci ta sake ta. Can wajen la'asar ta buɗe ido, ta lalubi hannun uwarta. Muryarta ƙasa-ƙasa, sai da muka sunkuya.

"Mama, Baba ya ce ashe kin iya sunansa."

Ba wanda ya gaya wa yarinyar nan inda muka je.

"Ya ce kin yi sauri, bai ji da kyau ba. Wai ranar da za ki je sallamarsa ki sake faɗa a hankali." Ta lumshe ido, ta sake buɗewa. "Ya ce ki bari a cire min zare tukuna. Bayan nan kada ki daɗe, bencin da tauri."

Keziya ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa kai a gefen gado. Inna ta fita waje.

An cire zaren. Miracle ta koma makaranta, tana gudu, tana cin abinci kamar fara. An shigo da amfanin gona, Inna ta ɗage dokarta, muka yi addu'ar tunawa a coci, fasto ya ambaci sunan Yaya a gaban kowa. Keziya ba ta koma Jushi ba.

Da farko ta ce a bari a ga likita karo na ƙarshe. Aka gan shi. Ta ce yarinyar tana tari, in aka cire sunan kuma wani abu ya taso fa? Tarin ya wuce. Ta ce bayan Kirsimeti. Na yi mata magana da daɗi, na yi da faɗa, na ce yayana ne, ba ajiyar banki ba, mutum ya gama wahalar duniya ki bar shi a layin asibiti? Har na je ni kaɗai wata rana, na tsaya a gindin gwaibar nan, na kasa tura ƙyauren, kuma ko na tura ba ni ce na kira ba. Kullum amsarta ɗaya ce: gobe. Ina jin haushinta ƙwarai, kuma na rasa yadda zan yi in tsane ta.

Kekena yana zauren gidansu yanzu, can nake ɗinki. Ranar Asabar, in Miracle ta tafi koyon waƙa a coci gidan ya yi shiru, wajen tsakar rana, Keziya takan shiga ɗaki ta saki labule. Ta ɗauka ƙarar keken tana rufe komai. Ina jin ta. A hankali take faɗa yanzu, tana jan kowace gaɓa, yadda ya roƙa. Da ta faɗa sai ta yi shiru tana jira.

Ni kuwa a nan nake taka keken da ƙarfi, ko ba ƙyalle a ƙarƙashin allurar, don kada in ji abin da zai biyo baya.